Ƙaiƙayin Da Ya Sha Rini

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa aka cike mini karofi da ƙasa, aka bar ni da sunan mai kashe wa mutane shanu.

Ni marini ne a Karare, gadon ubanmu. Da arzikin mai ya zo kowa ya raina baba, shuninmu na gargajiya, sai jan rini da kore na gwangwani da ake kawowa daga Kano. Na bi zamani. To amma ruwansa in ka zubar, tafkin da shanu ke sha yake gangarawa. Karatuna bai wuce firamare ba, ban san abin da ke ciki ba, na dai san ba na sha ba ne. Sai na haƙa rami, na shimfiɗa gawayin ɓawon gyaɗa, na jibga ƙaiƙayin gero a kai. Ruwa ya shiga ja wur, ya fita garau, ƙaiƙayi ya shanye launin. In ya ƙoshi na kwashe, na shanya, na ƙone.

Wata bazara Yaya ya roƙi Ardo ya zaunar masa da garke a gona don taki. Ciyawa ta ƙare, harawar Yaya ma ta ƙare. Ina kasuwar Batsari ya zo da jaki ya kwashe tsibin ƙaiƙayin da na shanya, ya cuɗa da dusa da kanwa ya zuba musu. Shanu suka yi ta zawo, karsana guda ta mutu.

A gaban mai gari Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, na sha gaya wa yaron nan ruwan rininsa na shiga tafki."

Yaro! Ni da iyalina. Na buɗe baki, dattawa suka ce ƙane ba ya ƙaryata wansa a bainar jama'a. Ba wanda ya taka ya je ya duba tafkin. Washegari duba-gari ya tsaya a kai aka cike ramukan.

Da kaka dawarsa ta yi kyau inda garken ya kwana. Ya zo da dami guda ya dire mini a zaure, wai a yi wa yara tuwo, komai ya wuce.

Na ce, "Yaya, ɗauki dawarka. Rannan na yi shiru ne don ka girme ni, ba don ban san jakin wa aka gani a bayan karofi ba. Gobe Juma'a ce. Ka tare Ardo a ƙofar masallaci, ka faɗa masa da bakinka abin da ka ba shanunsa. In ba ka yi ba, kada ka ƙara taka mini zaure."