Batirin da Kawu Garba Ya Cire

Har yau ban iya mantawa da ranar da ruwa ya shigo shagonmu a daminar bana ba. Tunda ku sababbin zuwa shagon nan kun dame ni da tambayar abin da ya faru ranar, bari in faɗa muku sau ɗaya in huta.

Ina gama sakandare na fara aiki wajen Oga Modu a nan Haɗeja. Gyaran waya ke ciyar da mu, amma ransa na kan tsofaffin injinan gem, manyan akwatunan nan da ake jefa wa kwabo a da. Aikina shi ne in zare ayisi, wato baƙaƙen ƙwayoyin da ke kan fanal, faifan lantarkin da ke cikin injin, in ɗora a na'urar karantawa, in kwafe abin da ke ciki zuwa kwamfuta kafin tsufa ya cinye shi.

Akwai wani fanal na wasan dambe da ya samo a Jahun, wanda ya bincika bai ga inda aka taɓa kwafe irinsa ba. Masu ƙera shi, don tsoron masu satar fasaha, sun kulle wasan, suka ajiye mabuɗin a wata 'yar ƙwaya da ɗan batir ke raya ta. In batirin ya bar wurinsa, mabuɗin ya goge, shi ke nan. Mun kwafe ayisin duka, mabuɗin kaɗai ya rage, muna jiran wata na'ura daga Kano da za ta iya kwafe shi.

Ranar da jingar bayan unguwarmu ta ɓalle, Oga yana Kirikasamma, hanya ta yanke. Ni kaɗai ce a shago. Ina cikin ɗora kaya kan kanta ya bugo waya.

"Falmata, fanal ɗin Jahun fa?"

"Oga, ruwa ya kai min gwiwa."

"To shi bai taɓa shi ba dai ko? Ki sa shi a leda ki fita da shi. Bar komai."

Lafiyata ƙalau, na gode da tambaya, na faɗa a raina.

Ban iya iyo ba. Na naɗe fanal a leda biyu, na ɗora a ka, na shiga. Kafin in kai bakin titi ruwa ya kai ƙirjina, yana jana gefe. Ga wayar lantarki ta tsinke tana lilo a gabana. Tunda aka haife ni ban taɓa roƙon Allah kada a kawo wuta ba sai ranar. Wani abu mai santsi ya goge min ƙafa, har yanzu ban san ko mene ne ba, kuma ba na son sani. Ina kuka ina salati, amma hannuwana biyu na sama. Wani masunci ne ya jawo ni cikin kwalekwale. Ya kalli ledar ya ce, "'Yan mata, zinare ne?" Na ce gem ne. Ya juya ya ci gaba da tuƙinsa.

Ya sauke ni a tudu, kusa da gidan Kawu Garba, abokin babana, tsohon mai gyaran rediyo. Matarsa ta ja ni ɗaki ta ba ni zani da shayi, haƙorana na haɗuwa. Ledar kuwa na bar ta a zaure. Da na ɗan dawo hayyacina na fito, sai na tarar da Kawu zaune kan tabarma da tabarau a hanci, fanal a cinyarsa, yana murmushi.

"Zo nan, 'yata. Allah ya so ki. Danshi ya ɗan shiga ledar, amma na yi maganinsa."

Ya buɗe tafin hannunsa. Ga batirin.

"Kawu, yaushe ka cire?"

"Tun kina shiga ɗaki. Duk abin da ya ji ruwa, batir ake fara cirewa. Ogan naki bai koya miki ba? Yaran yanzu sai latse-latse."

Kuma gaskiyarsa. Ko mu a shago haka muke yi wa kowace waya. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Ya ce da matarsa, "Tsoron ruwan ne bai sake ta ba, ƙara mata shayi."

Da hanya ta buɗe Oga ya zo gidan Kawu. Na faɗa masa a waje. Ya shiga zaure ya durƙusa gaban Kawu.

"Kawu, mun gode da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri."

"Haba Modu, ai yi wa kai ne. In kana da wasu irinsa, kawo in duba maka."

"In sha Allahu, Kawu."

Mun mayar da batirin, mun haɗa wuta. Allon ya kawo shuɗi fes, babu ko ɗan dambe ɗaya. Abin da muka kwafe yana nan a kwamfuta, a kulle, ba mai iya buɗe shi. Kawu kuwa har gobe yana ba da labari a majalisa yadda ya ceto injin Modu, kuma babu wanda ya isa ya gyara masa zance, dattijo ne.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan kayanmu sun fi tsira daga ruwa da ɓera a kan hannun masu ƙaunarmu. Kada ku ajiye fanal inda mai taimako zai gan shi. Ni kuma na faɗa wa Oga a gaban kowa: in ruwa ya sake zuwa, ya bugo wa fanal ɗin waya, su daidaita tsakaninsu. Ni ina tudu.