Ranar da Na Sace Tayoyina da Hannuna

Shekarun baya masu yawa, lokacin ba a daɗe da barin fam da sule an koma naira ba, ina da wata tsohuwar jif da na saya a gwanjo. Da ita nake ci, da ita nake sha. Kusan kullum ina kan hanya tsakanin Gaya da Kano, burji har Wudil, daga nan kwalta. Ranakun kasuwa kuwa sai in shiga ƙauyuka, Kademi ko Toranke, inda hanyar mota da ta jakuna duk ɗaya ce.

A wata damina jif ɗin nan ta kunyata ni. Na kafe a taɓon wata fadama kusa da Kademi, ranar kasuwa, kowa na wucewa yana kallo. Sai da aka kwanto shanun huɗa biyu suka jawo ni. Daga ranar aka sa wa motata suna "mai shanu", har a tasha in na tsaya sai wani ya tambaye ni ko na ba su dusa. Ina dariya a fuska, amma abin yana ci na a rai.

Da kaka ta yi, tayoyin duk sun suɗe, sai na nufi Kano sayen sababbi. Na tafi da abokina, direban babbar mota ne, ya girme ni a aikin. Mai kantin ya mirgino mana iri uku. Akwai mai ƙaramin zane ta kwalta, akwai matsakaiciya, sannan akwai wata mai manyan haƙora sai ka ce ta tarakta. Ina ganin ta ukun na ji zuciyata ta kwanta.

Abokina ya dafa matsakaiciyar ya ce, "Ga taka nan."

Na ce, "Wannan ai da ita da wadda ta kunyata ni duk jirgi ɗaya ya kwaso su."

Ya ce, "To tsaya in tambaye ka. A shekara, kwana nawa kake taka taɓo? Kwana nawa kake kan burji da kwalta? Ƙasarmu kuma in ruwa ya ɗauke, me ke gabanka in ba yashi ba?"

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni taɓo kawai nake gani, da shanun nan biyu. Na ce a ɗaura min masu haƙora, huɗu cif. Abokina ya kaɗa kai ya ce Allah Ya sa alheri.

Gaskiya sun yi wa motar kyau. Amma a kan kwalta kuka suke kamar ana niƙa, tun daga nesa ake sanin ni ne tafe. Sitiyari yana rawa a hannuna, mai yana ƙarewa da wuri, fasinja in zai yi magana sai ya ɗaga murya. Wani dattijo da na sauke a Wudil ya ce min kunnensa bai daina ƙara ba sai da ya yi sallar la'asar. Duk wannan bai dame ni ba, cewa nake su jira damina su gani.

Damina ba ta kai ga zuwa ba. A ranin shekarar mahaifiyata ta samu kujerar Makka. Mahaifinmu ya rasu da burin zuwa bai je ba, ita kuwa ta yi shekaru tana kiwo tana tanadi, ba ta da zancen da ya wuce wannan. Tana zaune a ƙauyenmu, a ƙasar Ajingi, gaba da Toranke kaɗan. Wata safiya saƙo ya iske ni a Gaya cewa an kira rukuninsu, lallai kowa ya kasance a sansanin alhazai a Kano kafin la'asar, wanda bai zo ba jirgi ba zai jira shi ba.

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na kama hanya da sanyin safiya, motar ba kowa, na ƙetare busasshen rafin da ke tsakanin ƙauyenmu da Toranke ko gezau. Kafin a gama sallama da koke-koke da "ki sa mu a addu'a", hantsi ya dubi ludayi. Muka ɗora akwatinta, da ƙullin garin kuka da daddawa da aka ce ba a samu a can, ga gwaggona da mata uku 'yan rakiya. Motar ta yi nauyi, rana kuma ta gasa yashin rafin ya zama gari.

Muna kaiwa tsakiya na ji jif ta yi sanyi. Na sa giyar ƙarfi na ba ta wuta. Haƙoran nan da nake taƙama da su suka shiga aikinsu, suka dinga haƙa kamar masu ginin rijiya. Na ja baya, suka haƙa. Na yi gaba, suka ƙara haƙawa. Kafin in farga cikin motar ya zauna daram a kan yashi.

Na fito na tone da hannu, na cusa kara a ƙarƙashi, na sake gwadawa, tayoyin suka tauna karan suka watso shi baya. Gumi ya karyo min. Na duba inuwata na ga ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafata. Matan suka sauko suka zauna a gindin wata gawo.

Ni ne ɗan fari, saboda haka mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi min magana kai tsaye ba. Sai na ji ta ce wa gwaggona, "Ki ce masa ya daina wahalar da kansa. In an kira ni zan je. In ba a kira ni ba, ba laifin kowa ba ne."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na san laifin wane ne. Na tsuguna a bayan mota kamar ina duba wani abu, don kada su ga idona.

Ana haka sai ga wani dattijo da jakinsa, ya ɗoro itace. Daga baya na ji tsohon soja ne, mota ya tuƙa a soja kafin ya dawo gida noma. Ya yi sallama, ya zagaya jif ɗin, ya taka taya ɗaya da ƙafa ya ji ta tauri kamar dutse.

Ya ce, "Malam direba, wa ya haɗa ka da waɗannan a ƙasar yashi?"

Na ce, "Baba, ni na haɗa kaina."

Ya ce, "To, da sauƙi. Kana da jak da famfo? Madalla. Sai mu sace tayoyin duka huɗu."

Daga gindin gawo muka ji muryar mahaifiyata, "A'a! Ina kan hanyar ɗakin Allah za a yi sata a gabana?"

Har yau ban sani ba ko da gaske ba ta gane ba, ko so ta yi ta sassauta min. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Hajiya, iska za mu sace, kuma tasa ce." Shi ne mutum na farko da ya kira ta Hajiya, tun ba ta bar ƙasar Ajingi ba.

Ni kuwa na tsaya ina jan ƙafa. Sababbin tayoyi, in sace su da hannuna? In tib ya tsage fa? Ya dube ni ya ce, "Ka taɓa ganin raƙumi ya kafe a yashi? Ƙafarsa faɗi gare ta da laushi. Yashi ba a cizonsa, ɗana, lallaɓa shi ake." Na karyi tsinke na danna bakin tayar farko, ina jin iskar na fita kamar daga jikina.

Muka ɗaga kowace ƙafa da jak, muka cike ramin, muka shimfiɗa itacen da ya sauke daga jakinsa. Tayoyin suka baje kamar an zauna a kan tulun fata. Ya ce in sa giya lamba biyu, in taka a hankali kamar mai tsoron tada jariri, kada kuma in tsaya sai na hau tudu. Shi da matan suka tura. Jif ta yi nishi, ta motsa, ta dinga tafiya a saman yashin nan har gaɓa. Na kashe ta, na kifa kaina a sitiyari ina ta hamdala.

Saura bugun iska. Taya huɗu da famfon hannu ba wasa ba ne, ni da dattijon muka dinga karɓa-karɓa, har gwaggona sai da ta ɗaure zani ta buga nata rabon. Na miƙa masa ɗan abin goro ya ƙi karɓa. Ya ce Hajiya dai ta ambace shi in ta ga Ka'aba.

Daga Wudil zuwa Kano tayoyin sun yi kukansu iya son ransu. Mun shiga sansani ana kiran sallar la'asar, ana kuma kan kiran sunaye. Nata bai wuce ba. Da na ga ta bi layi da akwatinta a ka, sai na zauna a ƙasa a jikin mota na daɗe ban tashi ba.

A makon na koma wurin mai kantin, aka yi musaya, na ɗauro matsakaitan nan da abokina ya dafa tun farko. Da abokin nawa ya gan su, sai ya tambaye ni ko kunnena ya huta. Tun daga lokacin, in zan sayi abu, nakan tambayi kaina hanyar da nake bi kullum, ba ranar da aka yi min dariya ba.

Abin da har yanzu yake sa gabana faɗuwa in na tuna shi ne, shekara guda bayan dawowarta ciwon gwiwa ya kama mahaifiyata, ba ta ƙara yin doguwar tafiya ba. Da jirgin nan ya tashi ba ita, shi ke nan. Ta yi shekara ashirin da wani abu ana kiranta Hajiya, kuma ko sau ɗaya ban ji ta ba wa kowa labarin rafin nan ba. In aka tambaye ta yadda ta isa Kano a ranar, abin da take cewa kawai shi ne, "Yaron nan ne ya kai ni a motarsa, lafiya lau."