Faya-fayan Sabo a Siton Alhaji Tanko

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai abokina Sabo makwancinsa a nan Greensboro ta Amurka, amma sai a watan jiya aka ƙarasa rabon gadonsa. Kada mai karatu ya zaci gidaje ne ko filaye suka riƙe mu. Sabo gidan haya ya bari, da tsohuwar mota, da mata, da 'ya ɗaya. Abin da ya gagari dattawanmu, masu digiri bibbiyu da furfura, duk tsawon wannan lokaci, kwali uku ne na faya-fayan garmaho.

Tare muka zo karatu ni da shi a ƙarshen shekarun saba'in, a jami'ar da ke gabashin gari, shi noma, ni lissafi. Ɗaki ɗaya muka kama a saman gidan wata tsohuwa. Wata Asabar wani maƙwabci ya baje tarkacensa a ƙofar gida yana sayarwa, kamar yadda mutanen nan suka saba. Na aiki Sabo ya samo mana tukunya, sai ga shi da garmaho a kafaɗa da faifai biyu a hammata. Hoton wani Bature ne a jikin kwalin faifan, sanye da kwat da malafa, irin mawaƙan da tsofaffin Amurkawa suka yi samartaka da muryarsu. Ba zan faɗi sunansa ba. Waɗanda suka san shi ba sa buƙata, waɗanda nake rubutu a kansu kuwa ba su taɓa tambaya ba.

Da farko ni ma dariya na yi masa. Waƙa ce a hankali, ba kalangu, ba 'yan amshi, mutum ɗaya yana magana kamar wanda bai gama farkawa ba. Sabo bai yi gardama da ni ba. Ran Lahadi bayan la'asar ya zaunar da ni, ya ɗauko faifan ta gefe-gefe da tafukan hannunsa, ya goge shi da ƙyalle mai laushi, ya sauke allura. Ya ce, “Idi, rabu da kiɗan. Saurari inda zai ja numfashi.” Na saurara, ban ji ba. Ya mayar da allurar baya, na sake kasa kunne, nan ma ban ji ba. Ya ce to shi ke nan, abin da yake so in ji ke nan.

A haka ya koya mini jin mutumin. Ba ya ɗaga murya, ba ya haɗiye ƙarshen kalma, kowace sai ya kai ta gida. Yakan ɗan jinkirta a bayan makaɗa, irin tafiyar dattijon da ya san dole a jira shi. Abin da ya fi burge Sabo shi ne, babu ko ɗaya cikin waƙoƙin da mutumin ya tsara da kansa. Waƙoƙi ne na kowa da kowa, mawaƙa da yawa sun rera su kafin shi da bayansa, har mai wanke-wanke a gidan abinci ta iya su. Amma in ya ɗauki ɗaya sai ka rantse a kansa abin ya faru, kuma kai kaɗai yake gaya wa. Sabo yakan ce gwaninta ba ta wuce haka ba, mutum ya ɗauki maganar da kowa ya sani ya faɗe ta a yi shiru. Bayan ya yi aure ya sami aiki a gonar gwaji ta jami'a, Lahadinmu ba ta canza ba, sai dai faya-fayan da suka ƙaru. A tsaye yake jera su a kan kanta, nesa da taga, don ya ce faifai ba ya son kwanciya, ba ya son zafi.

Mutanenmu kuwa abin bai taɓa shiga kansu ba. Akwai Alhaji Tanko, wanda ya riga kowa zuwa garin nan, saboda haka ya naɗa kansa uban kowa. Wata Lahadi ya faɗo mana faifai na juyawa. Ya zauna, ya karkata kai na ɗan lokaci.

“Malam Sabo, wannan wa yake yi wa waƙa?”

“Wata mace ce, Alhaji.”

“'Yar wane?”

“Bai faɗa ba.”

“To ita ta sa shi, ko mijinta?”

“Babu wanda ya sa shi. Waƙar ma ba tasa ba ce.”

Alhaji ya tafa hannu. “Ikon Allah! Ƙato guda, ba ya wasa kowa, ba ya yi wa kowa zambo, sai kukan macen da ba a san gidansu ba, shi ma da waƙar aro. Kai kuma ka ɓata wikend ɗinka a kansa.”

Daga ranar labarin ya zaga. A wurin suna, a bakin masallaci ran Juma'a, sai ka ji ana tambayar Sabo ko an gano iyayen yarinyar. Murmushi kawai yake yi. Ni ne nake jin haushin, kuma har yau bai sake ni ba.

Bugun zuciya ne ya ɗauke Sabo, da rana tsaka, a wurin aiki. Ya bar matarsa Hajara da 'yarsu Nafisa tana da shekara shida. Gaskiya ɗaya ce, jama'a sun yi ƙoƙari wajen jana'iza, ba zan hana su wannan ba. Bayan addu'ar bakwai dattawa suka zauna a falon marigayin don a raba abin da ya bari, Hajara tana ciki tana takaba, ni ina gefe a matsayin amini. Mota da kujeru da littattafai ba su ɗauki lokaci ba. Da aka zo kan faya-fayai sai zama ya gyaru, kowa ya tuna shi ma ya taɓa karatun allo.

Wani ya ce ba a gadon kayan kiɗa, domin duk ranar da yarinyar ta kunna, mamacin za a rubuta wa. Aka ce to a ba da su sadaka. Wani ya ce sadakar zunubi ba ta isa kabari da alheri. Aka ce a sayar a zuba kuɗin cikin rabo, nan ma aka ce ba za a gauraya wa marainiya halalinta da kuɗin garmaho ba. Wani mai zafin kai ya ce a ƙone. Nan fa kowa ya ja baya, don babu mai son a tashe shi ranar gobe a matsayin wanda ya cinna wa dukiyar marainiya wuta. Ƙofa huɗu suka buɗe, su da kansu suka rufe su duka, sannan suka zauna suna kallon juna suna jin daɗin zurfin iliminsu.

Na ce a ba ni in ajiye wa yarinyar har ta girma. Alhaji Tanko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai da kuke sha tare? Ai kafin arba'in ka kunna.” A nan bai yi ƙarya ba, da na kunna. Aka yanke cewa shi zai riƙe su amana a gidansa na McLeansville, inda babu kunnen da zai ji su, har a sami malamin da zai warware. Na ce masa aƙalla a tsaye ake ajiye su, kuma a cikin gida. Ya ce shi ba yau ya fara ajiyar kaya ba.

Malamai sun zo garin nan sun tafi a cikin shekarun nan, an tambaye su hukuncin naman kanti da na inshorar mota, ba wanda ya tuna da kwalayen Sabo. Hajara ta nema bayan ta fita takaba, aka ce ta bari yarinya ta mallaki hankalinta. Daga baya aikin gidan kula da tsofaffi da renon 'ya suka sha kanta. Ni kuwa duk Sallah sai na tayar da maganar, amsar ba ta taɓa canzawa ba: suna nan lafiya lau, ko ƙuda bai taɓa su ba.

Nakan tambayi kaina me Sabo zai ce da ya leƙo yau. Garmaho ya zama kayan tarihi, an koma ƙananan faya-fayan sidi masu ƙyalli, mutumin nasa kuma ya dawo yayi, har ɗalibai suna sayensa. Muryar tana tashi a kanti, tana tashi a ɗakin jiran likitan haƙori, ban ga dattijonmu ko ɗaya ya toshe kunne ya fita da gudu ba. Bara aka yi bikin ɗan Alhaji Tanko a wani zauren taro a Pleasant Garden. Da ango da amarya suka fito rawarsu ta farko, wace murya za ta cika zauren in ba ta mawaƙin Sabo ba? Ina kallon Alhaji cikin babbar riga yana gyaɗa kai, idonsa a lumshe. Na matsa kusa da shi na ce, “Alhaji, an gano 'yar wane ce?” Ya yi kamar ƙarar kiɗa ta hana shi ji. Na san Sabo, da murmushi zai yi ya ce in ƙyale shi, ai ya fara ji ke nan. Ni ban kai shi haƙuri ba.

Nafisa ta cika sha takwas a bana. Ita ce ta kira ni, Hausarta rabi da rabi kamar ta duk yaran da aka haifa a nan. Ta ce, “Baffa, Mama ta ce Baba yana da rekod da yawa a wurin Alhaji. Ina son kayana. Ba na tuna fuskarsa sosai sai a hoto, ina so in ji abin da yake ji.” Ba ta nemi fatawar kowa ba, kuma da ta buga wa Alhaji waya da Turancinta mai kaifi, sai ga matsalar da ta gagari malamai ta warware a take.

Muka je da hantsi ran Asabar. Alhaji ya zagaya da mu bayan gida, ya buɗe wani sito na kwano inda yake ajiye injin yankan ciyawa. Wanda ya san zafin garin nan da damshinsa a tsakiyar shekara ya san abin da ake nufi da ɗakin kwano. Kwalayen suna ƙasa a kwance, an ɗora musu tayoyin mota biyu da buhun taki. Na zaro faifai ɗaya, kwalinsa ya biyo hannuna yana marmashewa, ga baƙin fumfuna ya cinye fuskar mutumin da malafarsa. Faifan kansa ya lanƙwashe kamar marfin tukunyar da aka taka. Na zaro na biyu, na uku, duk labarin ɗaya ne.

Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa, ya harɗe hannu a baya. Ya ce, “Alhamdu lillahi, yau na sauke amana. Ki duba da kyau, 'yata, ko ɗaya bai ɓata ba. Kuma Allah shaida ne, ba a taɓa kunna su ba.” Da gaske yake faɗa, jira yake a yi masa godiya. Na rantse a rayuwata ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a wannan lokacin ba. Nafisa ta sunkuya ta ɗauki kwali.

A gidana muka gwada su, don ina da garmahona har yanzu. Allura ta hau tudu ta gangara, muryar ta yi wani irin gurnani, sannan allurar ta yi tsalle ta fita. Muka gwada wasu, babu wanda ya kai ƙarshen baiti. Nafisa ta ɗaga ɗaya wajen hasken taga tana juya shi, sai ta nuna mini wani zobe a tsakiyarsa da ya yi fari-fari, ba baƙi wuluk kamar sauran ba. Ta tambaya ko shi ma zafi ne. Na ce a'a, wannan aikin babanki ne, wurin da allura ta fi bi ke nan har ya goge. Takardar tsakiya ta ruɓe, babu sunan da za a karanta, amma na gane faifan, na kuma san waƙar da ke wurin. Ta ce in yi mata.

Ni ba mawaƙi ba ne, muryata ta tsufa, numfashina kowa yana jin inda nake jansa. Na dai rufe baki na bi karin yadda na iya. Ban yi nisa ba ta kama hannuna. Ta ce, “Baffa, tsaya. Na san wannan. Ita yake yi in yana ɗaura mini igiyar takalmi za mu tafi makaranta. Ashe waƙar wani ce? Ni duk zatona tasa ce.”

In an auna abin da ya rage na Sabo, ba shi da yawa. Kwalayen sun tafi bola, ban da faifai guda da Nafisa ta riƙe. Sidin mutumin yana nan a kowane kanti ga mai so. Dattawan da suka tsare Sabo daga zunubi suna nan da ƙoshin lafiya, an ce ma suna shirin yi masa taron addu'a da shinkafa, ni dai kada a ajiye mini kujera. Abin da ya tsira bai taɓa shiga siton Alhaji ba, yana cikin kan yarinyar da aka yi shekara goma sha biyu ana kare ta daga gare shi. Na buɗe baki zan gaya mata sunan mawaƙin, sai na fasa. Na ce mata, “Tasa ce.”