Kafintan da Ya Riƙe Musu Tef

Tun a layi na biyu na takardar ta daina karantawa. Baba na tsaye a kanta, fensir a bayan kunne, garin katako har cikin gira.

"Karanta mana, mai digiri. Me suka ce?"

Shekara talatin da ɗaya yana aikin kafinta a wannan rumfa ta bakin titi. Mutum ne da bai yarda da ido ba, ko ƙafar kujera ce sai ya auna sau biyu. Da zarto da guduma ya kai 'yarsa jami'a ta karanci Turanci, ga shi ta dawo gida tana jiran aiki.

Daga wani kamfanin gine-gine takardar ta fito, kuma duk nauyinta a kan kalma ɗaya yake: acquired. Kamfanin ya mallaki filin, a tashi cikin wata guda.

Ta san kalmar sarai, amma ta ɗauko ƙamus don ta ja lokaci.

"Baba, mallaka take nufi. Asalinta daga Latin ne, wai a nemo a ƙara a kan abin da ake da shi."

"A ƙara?" Ya tofar da yawu gefe. "Saya suka yi? A wajen wa?"

"Ba ta faɗa ba. Ko saye, ko gado, ko ƙwace, duk tana ɗauka."

Abin da ya fi ba ta ƙyama ke nan. Kalma fes, kamar an wanke an goge, ba a ganin hannun kowa a jiki.

Umma, da ta kawo masa ruwa, ta dire kofin. "Gaya mata aikin da ka yi musu mana, Sarkin Awo."

Ashe wata biyu da suka wuce wasu mutum biyu masu hular kwano sun zo da tef ɗin awo. Baba ya ɗauka masu gyaran titi ne. Ya ga ɗaya ya riƙe tef ɗin sako-sako, abin ya tsaya masa a rai. Ya karɓa ya ja shi ya miƙe, har ya nuna musu sun tsallake taku biyu ta baya, inda yake shanya katako. Suka yi godiya, suka ce ya sa hannu cewa awon ya yi daidai. Ya sa.

'Yar ta juya takardar. Ga kwafin takardar awon a maƙale, ga sa hannunsa.

"Awon ne a karkace," in ji Baba, ƙasa-ƙasa. "Sai in tsaya ina kallo?"

"Ai ga shi ka miƙar," in ji Umma.

Washegari 'yar ta kai takardun wajen wata lauya, ƙawar yayarta. Lauyar ta daɗe tana kallon sa hannun nan, sannan ta ce za ta bincika a ofishin filaye ta kira. Baba ya daina karɓar sabon aiki. Yau kwana tara, lauyar ba ta kira ba tukuna.