Zaman Makokin Abokin Garzali

Garzali taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka duk abin da na faɗa a kanshi ina da hurumi, kada wani ya ce Habi ta cika baki. Facin taya yake yi a tashar Gazawa, gindin dogon yaron da ke bakin hanya. Ni kuma tandata ta waina tana nan kusa da shi, hayaƙina na shiga idonshi, warin robarshi na shiga wainata, tun muna da ƙuruciya har ga shi furfura ta kama mu duka biyu. Siriri ne, mai sanyin magana, ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. In ka kawo mashi taya ka ce sauri kake, to ka yi wa kanka, don sai ya tsoma tub ɗin cikin ruwa ya juya, ya sake juyawa, kamar mai yi wa jariri wanka.

Ya yi lakol, makarantar boko ke nan, har ya fara kwaleji a Agiye. Sai babanshi ya rasu, aka ce ya dawo ya riƙe gona da ƙanne. Ranar da ya je sallama, wani mushe, wato malaminsu, da ke son shi ya miƙa mashi littafi na Faransanci, ya ce ya tafi da shi kada karatun ya gudu. Abin da Garzali ya fito da shi daga lakol ke nan. Littafin yana nan har yau. Da bangon gaba ya mutu, sai ya yanka tsohon tub ya yi mashi sabo, shi ya sa ko daga nesa ka san littafin mai faci ne.

Labarin ciki kuwa, kai! Wai rana ce ta tsufa, duniya ta fara sanyi, shuka ta daina yi. Mutane suka ƙera wani jirgi mai girman gari, da gonaki a ciki, suka nufi wani tauraro. Nisan ya kai waɗanda suka shiga sun san ba su za su isa ba, sai jikokin jikokinsu. A cikin jirgin akwai wata tsohuwa da aka ba ajiyar irin shuka. Wata shekara amfanin gonar jirgin ya lalace, yunwa ta shigo, jama'a suka taru ƙofarta suna cewa ta buɗe a ci irin. Ta ƙi. Ta ce na waɗanda ba a haifa ba ne.

Garzali ba karantawa yake yi mana ba, juyawa yake yi da Hausa, in rana ta take aiki ya lafa. Direbobi da 'yan kabu-kabu da masu jiran mota su matso inuwa. Sau nawa muka yi tafiyar jirgin nan daga farko har ƙarshe, Allah kaɗai ya sani, amma duk lokacin da aka zo ƙofar tsohuwar sai gardama ta tashi. Wasu su ce mace ce mai amana, wasu su ce muguwa ce. Ni dai na sha faɗa mashi: wanda ya rubuta wannan bai taɓa jin kukan ɗa mai jin yunwa ba. Sai ya ce, "Ya ji, Habi. Ba don ya ji ba, da bai sa tsohuwar kuka bayan ta rufe ƙofa ba." Wallahi sai in huce a kan waina. Ni da ban san ko harafi ɗaya ba, na san lungunan jirgin nan fiye da yadda na san kasuwar Cadawa, kuma ina son shi, ba ni ɓoyewa.

A bangon baya akwai hoton wanda ya rubuta: wani Bature mai tabarau, da manyan kunnuwa, yana kallon gefe kamar an kira shi. Sunanshi bakina bai taɓa iya kamawa ba, kuma ba ni kaɗai ba, saboda haka duk tasha "abokin Garzali" muke ce mashi. Shi ma haka yake cewa, "abokina". Abokina ya ce kaza, abokina da ya ga damanar bana da ya yi mamaki. In ya ji wani za shi ƙasashen waje, ko ɗalibi ko ɗan kasuwa, sai ya ce, "In Allah ya haɗa ku ka gaishe min da shi." Ayuba direba, wanda bai taɓa wuce Maraɗi da Damagaram ba, ya kan leƙo daga mota ya ce, "Garzali, na ga mutuminka a Cadawa yana cin tsire, ya ce yana amsawa!" Garzali ya yi dariya. Ai ba wawa ba ne. Kawai dai ya ajiye a ranshi cewa can wani wuri akwai wani tsoho kamar shi, yana zaune a inuwa, wanda ya san abin da ake ji in an shuka abin da ba za a ci ba.

Bara, da hutu, autarshi Hamdiya ta dawo daga jami'a a Maraɗi. Yarinyar kirki, so ta yi ta faranta mashi. Ta zauna bakin bencina, ta rubuta sunan Baturen a wayarta, ta ce, "Baba, zo ka ji." Ashe mutane ne rututu a duniya suke magana a kan littafin. Wata ta ce shi ya raka ta jinyar uwarta. Wani ya ce saboda shi ya karanci ilimin taurari. Wasu kuma har yanzu faɗa suke yi a kan tsohuwar, kamar mu. Hamdiya na fassarawa, Garzali na tafa hannu, fuskarshi kamar ta yaro ranar salla. "Kin ji, Habi? Ashe ba mu kaɗai ba ne!"

Sai ya ce, "To, shi yana ina yanzu?"

Yarinyar ta duba. Ta ce, "Baba, ai ya rasu." Ya ce yaushe? Ta faɗi shekarar. Tun Garzali bai ma taka ƙofar lakol ba.

Ya ajiye guduma a hankali. Ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannan ya ce, "Ashe duk shekarun nan kabari nake aika wa gaisuwa. Ko 'ya haƙuri' ban ce wa kowa ba, ba wanda ya ce min."

A wurinmu, in labarin mutuwa ya zo daga nesa, ko ya shekara a hanya, ranar da ya iso ita ce ranar mutuwar. Mai rashin ya shimfiɗa tabarma ƙofar gida ya zauna, jama'a su zo su yi mashi gaisuwa. Garzali ya ce abin da za ya yi ke nan. Matarshi Saudatu ta roƙe shi, ta ce gari za ya ce ya zare. Ya tafi wurin limamin unguwa, Malam Jibrilla. Malam ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Garzali, mutumin nan ban san shi ba, ban san a kan me ya cika ba. Ba ni da hurumin tara jama'a addu'a. Lamarinshi yana wurin Wanda ya halicce shi." Garzali ya ce, "Allah gafarta malam, ban roƙi haka ba. Zama kawai zan yi." Malam bai ce eh ba, bai ce a'a ba.

Tasha kuwa abin ya zama abin dariya. Wani ya ce ko za a raba gado a kira shi. Wani ya ce a aika wa tauraro sanarwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni kaɗai ke da ikon tsokanar Garzali, kuma ni na san lokacin da ake bari. Tsorona ɗaya ne: ya zauna shi kaɗai har rana ta faɗi, mutumin da bai taɓa fashin gaisuwar mutuwar kowa ba a garin nan. In aka yi mashi haka, na san ba za ya ƙara buɗe littafin nan a gaban mutane ba.

Ranar zaman ta faɗo ranar kasuwa, ranar da taya ke fashewa kamar an aiko su, amma ya kulle rumfa. Ni ma ban fita ba. Na toya waina na kai gidanshi a matsayin sadaka, na zauna cikin zaure da Saudatu da Hamdiya, muna leƙe. Ya sa farar rigarshi, ya shimfiɗa tabarmi har da na aro, ya ajiye buta da kwanon ruwa, ya zauna a tsakiya. Hantsi ya yi, ba kowa. Masu wucewa su rage tafiya, su kalli tabarmin, su kau da kai. Wasu samari a kan babur suka yi ƙus-ƙus suka fashe da dariya. Inuwar katanga ta janye ta bar shi a rana, ya ja tabarmarshi ya bi ta, sauran ya bar su a shimfiɗe. Hamdiya tana ta share hawaye tana cewa ita ta jawo. Na ce ta rufe min baki.

Aka kira azahar, ya je ya yi, ya dawo ya zauna. Jim kaɗan sai ga Malam Jibrilla ya fito masallaci, bai bi hanyar gidanshi ba. Ya zo ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya miƙa hannu. "Garzali, shi ban san shi ba, amma kai na san ka, kuma na ga ka yi rashi. Ya haƙuri?"

Garzali ya riƙe hannun malam. Da ƙyar ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki."

Daga nan aka fara zuwa, ɗaya-ɗaya, kowa kamar hanya ce ta biyo da shi. Ayuba ya ajiye mota da fasinja a ciki, ya zo ba ko murmushi. 'Yan kabu-kabu suka jera babura jikin katanga. Mai shayi ya zo, mai tsire ya zo. Aka ci waina. Ka san yadda ake yi a zaman makoki, in an gama gaisuwa sai a shiga faɗin halin mamaci. To, ba wanda ya san halinshi sai ta littafin, sai aka shiga wannan, murya ƙasa-ƙasa. Wani ya ce mutum ne mai tausayi. Ayuba ya ce shi tun da ya ji labarin tsohuwar bai ƙara taɓa damin irinshi ba, ko shekarar da gero ya ƙi. Kafin la'asar tabarmi sun cika, ana ta matsawa.

Sai ga wani tsoho daga ƙauye, ya taso kasuwa da jakinshi, ba wanda ya san shi. Ya ga zama, ya ɗaure jaki, ya zo ya tsuguna kamar yadda ya kamata. Ya yi gaisuwa, ya ce, "Wa aka rasa?"

Garzali ya ce, "Abokina."

"Allah sarki. A nan garin?"

"A'a, can nesa."

Tsohon ya girgiza kai. "Mutuwar nesa da ciwo. Ya dai bar baya?"

Garzali ya dubi tabarmin daga wannan gefe har wancan, hawaye na bin gemunshi, bai share ba.

Ya ce, "Ya bari, baba. Ga mu nan."