Ranar da Na Wanke Kwamfutar Ɗan Farina

Na ga abubuwa a duniyar nan, amma ko tsufa zai kwashe mini komai, ranar da aka wanke cikin kwamfutar ɗan farina ba za ta fita daga raina ba. Ban taɓa shiga aji ba. Jikata ce ke rubuta wannan ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, don a Doguwa kaf ba wadda za ta koya mini jera labari.

Ɗan farin nan nawa malamin makaranta ne a Tudun Wada. Kun san yadda muke da ɗan fari: ban taɓa kiran sunansa ba, in ya gaishe ni ma murhu nake kallo in amsa. Shi kuwa da wayonsa, in ya zo hutu sai ya ajiye 'yar rikoda a gefen tabarmata ina yi wa jikoki tatsuniya, ya je ya juye a kwamfutarsa. Da Allah ya yi masa rasuwa aka kawo kayansa gida, muka ajiye kwamfutar bayan buhunan masara. Shekaru suka yi ta wucewa, ban bari kowa ya taɓa ta ba, don na san muryarsa tana ciki.

Sai 'yarsa, jikar nan tawa, ta dawo daga Kano da sana'ar gyaran kwamfuta, ta ce za ta tayar da ta ubanta ta koya wa 'yan matan unguwa. Da hantsi muka jawo ta tsakar gida, ƙatuwar akwati da talabijin ɗinta mai ƙusumbi. Da ta kwance murfin, ashe zanzaro ya yi gini a ciki har da unguwanni! Ta share, ta hure ƙura, ta sauya wani ɗan batir mai kama da kwabo, ta jona da sola. Abin ya yi gurnani, ya yi ƙas, ƙas, ya tsaya. Kwana biyu tana fama. A na uku ta ciro daga cikin akwatin wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ta ce shi ne rumbun da komai ke ciki.

"Kaka, ajiyar ta hargitse. Sai an yi fomatin."

"Sai an yi me?"

"A goge komai tas, kamar yadda ake wanke allo a sake rubutu."

Na ce, "Da muryar ubanki a ciki?"

"Na kwashe ta tun jiya, ga ta nan." Ta nuna mini wani ɗan abu da ƙwallon dabino ma ya fi shi girma.

"Ke da tuwo ma ba ki iya kwashewa ba sai kin bar rabi a tukunya?"

"Ke da kika iya, ina haƙoran cin ƙanzon?"

Na ce ta yi dariyarta ta gama. A gidanmu ba a wanke allo sai mai shi ya kife shi ya biya karatun da ka, malam ya ji. Na ce ta kife nata ta biya mini. Ta ce ai su ma ba sa gogewa sai sun gwada, ta ɗora mini ƙarfen a cinya, ba waya ba komai, ta soka ɗan abin nan a ƙaramar kwamfutarta.

Sai na ji gyaran murya. Wallahi shi ne. "Yaya, ci gaba mana, ina kura ta nufa?" Haka yake kirana, Yaya. Sai ga tawa muryar, da sauran ƙarfinta: "Wani ya gaya wa wancan ba da shi nake ba." Ya fashe da dariyar nan tasa mai ƙarewa da tari. Ƙarfen yana kan cinyata da sanyinsa, shi kuwa yana dariya daga wani wuri daban. Na ce Allahu Akbar.

Ta mayar da rumbun cikin akwatin. Fuskar ta yi baƙi, farin rubutu ya fito, ya tsaya cak. Ta ce, "Tana tambaya, wai mun tabbata?" Ƙarfe, jama'a, ƙarfe yana neman izini kafin ya yi ɓarna! Mutane nawa na sani da ba su da wannan ladabin. Jikata ta ce ni ce babba, ni zan ba da amsa. Ta kama ɗan yatsana ta ɗora a kan maɓalli, na yi bismillah na danna.

Na zaci zan ga hayaƙi ko in ji ƙara. Ba komai sai wani siririn kuka kamar na sauro. Ajiyar shekaru tana tafiya a gabana, kaji na ta kiwonsu ko a jikinsu. Da ta ce an gama, na ce ta sake kunna mini ɗan abin nan. Ya sake dariya, har da tarin.

Kafin la'asar ta zuba mata sabon karatu, kwamfutar ta buɗe ido tangaram. Jikata ta miƙo mini abin magana ta ce, "Rumbu fayau yake, Kaka. Ke za ki fara zubawa. Yi mata tatsuniya." Na buɗe baki zan ce ga ta nan ga ta nanku, sai sunansa ya fito. Sunan yanka, cikakke, karon farko tun ranar da aka raɗa masa. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana share ido, ni kuwa na sake faɗa, don na ji daɗinsa a bakina.

Ba na nadamar kunyata, haka aka raine mu, shi ma ya sani. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kada ka goge abu sai ka ji da kunnenka cewa yana nan a wani wuri. In ka ji, to kada tsoro ya hana ka wankewa. Shekarun da na yi ina gadinta bayan buhuna, ko sau ɗaya ban ji muryarsa ba. Yanzu 'yan mata na koyo a kanta, ni kuma duk sanda na so, sai in sa a kira mini shi ya yi dariya.