Jirgina da Batirin Injin Feshi

Daga Kademi har Ajingi ni kaɗai na mallaki jirgin ƙasa. Mai ja ya kawo nasa mu gani. Gaskiya ne kan jirgin bai wuce kamu ɗaya ba, amma yana da tarago uku da layin dogonsa. Wani Bature da na yi wa aikin lambu a Kano ne ya bar mini shi da zai koma gida. A gidansa jirgin zagaya furanni yake yi. Wuta takan fito daga soket, ta ratsa wani baƙin akwati mai nauyin tsiya, ta bi layin, ta hau ƙafafun jirgin. To ni da na dawo ƙauye, ina na ga soket? Shekara da shekaru jirgin yana cikin buhu a ƙarƙashin gadon mai ɗakina, ni kuwa ina majalisa ina ba da labarin gudunsa.

Ranar nan tana shara ta yi tuntuɓe da buhun.

"Malam, ɗan gwangwan zai zo ran Asabar. Ya ce tarkacen nan zai ba ni baho biyu a kansa."

"Tarkace? Hajiya, harkar sufuri ce fa."

"Sufurin kyankyasai. In bai motsa ba kafin Asabar, zan yi wanki a cikinsa."

Na san ta sarai. Tun da muke, Asabar ɗinta ba ta taɓa zama Lahadi ba.

Washegari na ɗaure buhun a bayan keke sai Gaya, wurin taubashina mai gyaran rediyo. Shi aji huɗu ya yi a firamare, ni uku, kuma har yau bai bar ni na manta da wannan aji ɗayan ba.

"Bawana, me ka sato?" in ji shi.

"Kadarar da ba a taɓa yi a zuriyarku ba."

Ya kwance cikin jirgin, ya daɗe yana leƙawa ta saman tabarau. Ya ce tunda babu wutar da za ta bi layi, sai dai jirgin ya riƙa goyon guzurinsa. Ya yanke wayoyin da suka fito daga ƙafafu, ya jona wasu da darma, muka jera batiran tocila. Jirgin ya yi nishi sau ɗaya, irin wanda nake yi in zan tashi daga tabarma, ya yi shiru.

"Ya gaji mai shi," in ji taubashina.

Nan ilimin aji uku ya yi aiki. Na tuna injin feshin wake mai caji da ɗanmu ya kawo mana, yana rataye a zaure ba ya komai tunda rani ne. Kashegari na kawo shi. Batirin ya fi ƙarfin kan jirgin, sai muka zaunar da shi a taragon farko kamar ƙaton fasinjan da ya cinye kujera uku, muka ja waya. Ɗan abin murzawar da ake ƙara ƙarfin feshi da shi kuwa ya zama sitiyarina.

Ran Asabar da hantsi na shimfiɗa layin a tsakar gida, ya zagaye zogale ya bi ta gaban rumbu. Taubashina ya zo ganin faɗuwata. Ɗan gwangwan ma ya iso da bahunansa ja da shuɗi, yana kallon jirgin kamar nasa.

Na yi bisimilla na kunna. Ashe mun bar abin murzawar a ƙure. Jirgi ya fyalla, kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya. A kwanar zogale ya bar layi ya nufi turmi kai tsaye.

"Ya motsa!" na ce. "A shaida!"

"Ya dai gudu daga hannunka," in ji taubashina.

Na mayar da shi kan layi, na rage. Sai ga shi yana tafiya a natse, ƙit-ƙit-ƙit, tarago na bin tarago. Mai ɗakina ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ya zo wucewa ta gabanta ta sunkuya ta ɗora ɓarin goro a taragon ƙarshe.

"A kai wa direba," ta ce.

Ɗan gwangwan ya yi gyaran murya. "Baba, ni fa? Tun daga Balan na taho."

Mai ɗakina ta zura hannu a buhu ta jawo baƙin akwatin nan na soket. "Wannan yana da sauran aiki?"

"Ya yi ritaya," in ji taubashina.

Ɗan gwangwan ya jinjina shi, ya ji nauyin tagullar da ke ciki, ya miƙo baho ɗaya. Ta tsaya tana kallonsa har sai da ya miƙo na biyun.

Ta rungumi bahunanta ta juyo gare ni. "Jirginka ya tsira. Amma ruwa na sauka batirin nan zai koma gonar wake."

Na amince, cikin mutunci irin na shugaban tasha. Shi ya sa har yau jirgina da rani kawai yake jigila. Mai son kallo ya zo bayan an cire wake, kuma ya taho da goronsa.